Kuɗin jakada, ruwan unguwa: lamarin wani bohol a Zangon Kumasi

A ɗaya daga cikin unguwannin Zango da ke ƙarƙashin hukumar Asokore Mampong, can bayan Aboabo, akwai wani bohol da ƙungiyar mata ta haƙa da tallafin wani ofishin jakadanci da ke Accra. An buɗe shi a farkon 2023, har yau kuma yana ba da ruwa. Wannan kaɗai ya isa a tsaya a dube shi. Duk wanda ya san Zangunan Kumasi ya san tankunan nan da ke tsaye a kan ƙarfe babu ko ɗigo a ciki, allon sunan mai sadaka yana nan manne, injin kuwa ya mutu tun shekarar da ta biyo bayan buɗewa. Ina cikin waɗanda suka taya matan cike takardu, don haka na ga yawancin abin da zan faɗa da idona. Sunan ƙungiyar da na ofishin da ya ba da kuɗin zan bar su, saboda akwai maganganun cikin gida a ciki.

Ƙungiyar ta daɗe kafin a fara zancen tallafi. Adashi ce ta masu sayar da waakye (shinkafa da wake) da koko da ƙosai, mata wajen arba'in, suna zubi duk mako, suna kuma haɗa gudummawar suna da biki da rasuwa. Magajiyar unguwa ce shugaba. Ma'aji wata Hajiya ce mai shagon zannuwa a kasuwar Kejetia, wadda kowa ya shaida ba a cin kobonta, ita ma ba ta cin na kowa. Sakatariya kuwa yarinya ce malamar firamare a wata makarantar Islamiyya ta gwamnati, ita kaɗai a cikinsu ke iya rubuta wasiƙar Turanci ba tare da neman taimako ba.

Matsalarsu ruwa. Ruwan famfon Kumasi daga madatsun Barekese da Owabi yake zuwa, kuma a lungunan da suka cika da jama'a irin nasu sai a yi kwanaki bututu bai yi tari ba. Mai waakye tana tashi tun ƙarfe uku na dare, tukunyarta kuma ba ta jira. Don haka 'yan mata ke bin layi da galan ɗin Kufuor, wato jarkunan roba na ɗiban ruwa, a gidajen masu sayar da ruwa kafin su tafi makaranta, wasu su makara, wasu su fasa zuwa.

Sakatariyar ce ta gano cewa ofisoshin jakadanci da dama a Accra suna da ƙaramar taga ta tallafi wadda ba sai an bi ta ma'aikatar gwamnati ba. A lokacin Amurka tana da shirin taimakon-kai-da-kai na jakada, wanda aka fara a Togo a 1964 kafin ya bazu a Afirka. Japan tana da nata na ayyukan talakawa tun 1989, wanda a wancan lokacin aka saba ƙayyade shi a yen miliyan 10, ya kuma fi karkata ga ajujuwa da ɗakunan shan magani. Ostareliya, Kanada da Jamus kowacce da irin nata. Akwai kuma shirin ƙananan tallafi na muhalli da hukumar UNDP ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke gudanarwa tun 1992, mai kaiwa dala 50,000 a lokacin. A cikin gida ga Asusun Raya Zango da majalisa ta kafa da doka ta 964 a 2017, sai dai matan sun ga layinsa ya yi musu tsawo. Tagogin waje sun bambanta a yawan kuɗi, amma sharuɗɗan yawancinsu kusan uwa ɗaya uba ɗaya: ba a biyan albashi, ba a sayen mota, ba a gina wurin ibada, ba a ba mutum ɗaya jari, aiki ya ƙare cikin shekara guda, kuma dole jama'ar wurin su sa nasu, ko kuɗi ko ƙarfi ko fili. Abin da matan suka nema bai kai dala dubu goma sha biyu ba a lissafin lokacin.

Kafin a ga kobo

Adashi ba ta da suna a idon banki. Sai da suka yi rajista a matsayin kamfanin da ba na neman riba ba, a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 992 ta 2019: daraktoci aƙalla biyu, sakatare, mai binciken kuɗi da ya amince a rubuce, kowa da katinsa na Ghana Card. Bayan nan takardar shaida daga ofishin jin daɗin jama'a na hukumar yankin, sannan lasisin ƙungiyoyin sa-kai, sannan asusun banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu. Duk wannan daga aljihun adashi ya fito, kuma tallafin ba ya mayar da abin da aka kashe kafin a sa hannu a yarjejeniya. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. A ganina nan ne babban aibin waɗannan shirye-shirye: an ce don marasa ƙarfi aka yi su, amma mafi rashin ƙarfi a Zango, kamar 'yan kayaye, mata masu dakon kaya a ka, da ke kwana a barandar shaguna, ba za su taɓa isa bakin tagar ba.

Wannan gibin ne masu rubuta takardar neman tallafi don kuɗi suke cikewa. Wani ya zo wa matan da jaka da kwamfuta, ya ce shi zai rubuta komai, a ba shi kashi goma cikin ɗari idan kuɗi ya fito. Da aka tambaye shi a wane layi na kasafin za a sa kason nasa, sai ya ce ai rasit ba ya wuya. Hajiya ma'aji ta ce masa, “Ɗana, ni da hannuna zan sa a takardar banki. In an zo bincike kai kana ina?” Bai dawo ba.

Maganar fili ta fi rajista cin lokaci. Wurin da ya dace shi ne gaban wata makarantar allo, kuma kowa a unguwar ya san marigayi Malam ya ce a yi abin alheri da wurin. Amma da baki ya faɗa. Ƙasar Kumasi ta kujerun sarautar Asante ce, abin da gidan Malam ke riƙe da shi tsohuwar takardar rabon fili ce daga hannun sarkin yankin, magada kuma suna da yawa, wani a Hambug, wani a Bronx. Ofishin jakadancin ya ce ba zai zuba kuɗi a filin da ba shi da takarda ba, kuma da gaskiyarsa. Babban ɗan Malam ya yi ta ja da baya, ba don rowa ba. Tsoronsa kada yau ya sa hannu a kan ƙafa ashirin, gobe jikokinsa su tarar ƙungiya tana iƙirarin rabin gida. Saƙonnin murya na WhatsApp sun yi ta yawo tsakanin Kumasi da ƙasashen waje har aka daidaita a kan takarda mai shafi ɗaya: an auna wurin da ƙafa an rubuta, fili yana nan na gidan Malam, ƙungiya tana da izinin amfani da shi muddin ana ba jama'a ruwa, almajirai kuma suna da famfo ɗaya a cikin makaranta ba biya. Sarkin unguwa da ɗan majalisar yanki suka yi shaida.

Da takardarsu ta tsallake zagayen farko, ofishin ya turo ma'aikaciyarsa ta duba wurin, 'yar Ghana ce mai jin Twi da Turanci, sakatariya tana yi mata tafinta. Ba ta zauna a kujerar da aka ajiye mata ba. Ta tambayi inda shadda mafi kusa take, ta auna da takunta, ta ce bai kai mita 30 da ake so ba, a matsa da wurin haƙa zuwa ɗaya kusurwar. Ta dubi masallacin da ke jikin makarantar ta ce in don alwala za a yi, kuɗinsu ba ya shiga nan. Aka nuna mata zanen: famfuna titi suke fuskanta, ga kuma gidajen Frafra da Asante Kiristoci a layin, waɗanda su ma da galan suke yawo. Daga ƙarshe ta yi tambayar da ba a shirya mata ba. Wa zai biya kuɗin wuta? Aka ce ai sola za a sa, rana kyauta ce. Ta ce to ran da injin ya ƙone fa? Aka yi shiru, sai Magajiya ta ce Allah zai kawo mafita. Matar ta yi murmushi ta ce a rubuta mata mafitar a takarda kafin ƙarshen wata. Abin da aka rubuta a lokacin shi ne za a riƙa karɓar ɗan abin gyara daga masu ɗiba. An rubuta ne don a wuce wurin, babu wanda ya kai maganar gaban jama'ar unguwa.

Shekarar da sidi ya zube

An tsara kasafin a farkon 2022, a kuɗin sidi, da takardun farashi uku-uku daga shagunan Adum kamar yadda aka buƙata. A lokacin dala ɗaya ba ta wuce sidi 6 da 'yan kai ba. Kafin kashin farko na kuɗin ya shigo asusu damina ta wuce, kuma a watan Nuwamba dala ta haura sidi 13. A Disamba hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu adadin sidi ta ambata, ba dala ba. Injin jan ruwa, faifan sola, waya da rodi duk kayan waje ne ko masu bin farashin waje. Mai shagon da ya ba da takardar farashi a watan Maris ya dube ta ya yi dariya.

A nan ƙungiyoyi da yawa suke faɗawa rami: su sayi abin da kuɗin ya iya saya, su yi shiru, ranar rahoto a ga kasafi daban rasit daban, a riƙe kashi na biyu. Sakatariya ta dage a rubuta wa ofishin tukuna. Amsa ta zo cewa ƙari babu, amma an yarda a sauya layukan kasafi muddin ruwa zai fito kuma adadin famfuna bai ragu ba. Kafin amsar ta iso farashi yana ta hawa, sai Hajiya ta ɗauki kuɗin shagonta ta ba da kafin alƙalami a kan injin don a riƙe mata farashin, da sharaɗin in ofishin ya ƙi, asararta ce.

Aka zauna yanka. Tanki biyu ya koma ɗaya. Tayil ya fita, walimar buɗewa ta fita, ramin tsotse ruwan da ya zuba ya fita. Sola ma ta fita, aka koma wutar layi da mitar kati. Abu biyu ne Hajiya ta hana a taɓa, injin mai kyau da gwajin ruwa a ɗakin bincike, tana cewa ba za ta shayar da jikokinta abin da ba a auna ba. Samarin bes ɗin layin, wato majalisar da suke zama hira, suka haƙa ramin bututu suka yi dakon yashi, wani magini ɗan unguwa ya yi aikin daɓe kyauta, wani mai walda da ke aiki a Suame Magazine, unguwar makanikai, ya haɗa ƙarfen tanki a kuɗin kaya kawai. Duk an rubuta kwanakin aikinsu an ƙiyasta su da kuɗi, shi ne gudummawar jama'a da aka yi alkawari.

Cire solar nan ita ta jawo rigimar da ta fi kowacce. Da can kuɗin gyara abu ne na wata rana. Yanzu mita tana cin kati kullum.

Makonnin farko kyauta aka sha, ƙungiya tana sayen kati daga adashi, har mata suka fara ƙorafi cewa zubinsu ya koma ruwan mutanen da ba sa zubi. Kwamiti ya sa pesewa 50, wato rabin sidi, a kan galan. Washegari unguwa ta ɗauka. Ana cewa Turawa sun ba da sadaka, mata sun mayar da ita kasuwa. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Wasu suka ce dama dala aka turo, an ɓoye. Masu wannan magana ba mahaukata ba ne: yawancin bohol ɗin da suka sani a Zango na sadakatul jariya ne daga ƙungiyoyin Larabawa da Turkawa ko wani attajiri, kuma ba a taɓa karɓar ko sisi a bakinsu ba. Abin da ba su haɗa da lissafi ba shi ne nawa ne a cikin waɗannan suke aiki har yanzu.

Sarkin unguwa ya kira taro bayan La'asar a ƙofar gidansa. Wani dattijo ya miƙe ya ce, “Allah gafarta Malam, ba hadisi ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku ba, ruwa da ciyawa da wuta? Sayyidina Usman da ya sayi rijiyar Ruma a Madina, sayarwa ya yi ko bayarwa?” Liman ya ce hadisin haka yake, kuma Usman bayarwa ya yi. Sannan ya ce, “Amma Alhaji, rijiyar Ruma kowa da gugarsa yake zuwa, da ƙarfinsa yake ja. Wannan wa ke ja? Inji. Injin me yake ci? Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa ba na kowa ba ne, ba a sayar da shi. Wanda aka jawo aka tara a mazubi, malamai sun halatta karɓar kuɗi a kansa. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne mai ƙishi ya zo a hana shi, ko kuɗin ya shiga aljihun wani.” Magajiya ta ce, “Baba Liman, in haka ne a sa mana ido. Mu ma ba ma son a mutu ana zaginmu.” Sakatariya ta karanta yarjejeniyar da takardar banki a bainar jama'a, tana fassarawa layi-layi, har wurin da aka ce ofishin ba zai ƙara ko pesewa ba bayan an miƙa aiki.

Tsarin da aka tashi da shi a ranar shi ne yake tafiya. Kofi da buta kyauta ne ga kowa. Gidan da aka yi rasuwa yana ɗiba kyauta har sadakar uku. Magajiya tana riƙe da sunayen tsofaffi da zawarawa marasa mai taimako, su ma ba sa biya, kuma ba a karanta sunayen a taro. Saura kowa ya biya, a farashin da bai kai na masu sayarwa a gida ba. Wata bazawara ce ke zama a bakin famfo daga asuba zuwa hantsi, sannan daga La'asar zuwa Isha'i, ana biyanta daga cinikin. Ba ta yi boko ba. Littafinta na 'yan makaranta ne mai layi, kowane galan karan tsaye ɗaya, na biyar ta gicciye su, na kyauta kuma ta yi musu da'ira a gefen shafi. Da yamma jikarta ta ƙirga ta rubuta jimla, duk ranar Litinin a tura kuɗin ta MoMo, wato ta wayar salula, zuwa asusun banki. Mabuɗin mita yana hannun Magajiya, katin banki yana hannun Hajiya, littafi yana hannun mai zama. Lahadin farko na kowane wata ana karanta lissafi a ƙofar makaranta, wanda ya ga dama ya zo.

Rahoton ƙarshe bai ba da wahala sosai ba, in ban da masu tifar yashi da 'yan aboboya, masu keken dakon kaya, da ba su san rasit ba. Aka buga musu takardar shaidar biya, kowa ya dangwala yatsa aka rubuta lambar wayarsa, ofishin kuma ya karɓa.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Ramin tsotse ruwa da aka yanke ya dawo da haƙƙinsa, lungun ya zama caɓi, maƙwabta suka yi ta faɗa har aka gina shi daga cinikin watannin farko. Gidaje biyu da ke rayuwa da sayar da ruwa sun rasa yawancin cinikinsu, ɗaya ma 'yar ƙungiyar ce, ta daina zuwa taro. Takardar neman tallafi tana da gurbin masu amfana, ba ta da gurbin waɗanda aikin zai taɓa wa abinci, kuma babu wanda ya yi tunaninsu sai da abin ya faru. Sannan nauyin takardu duka a kan mutum ɗaya ya faɗa. Sakatariya ta yi shekara tana wannan aiki bayan ta tashi daga makaranta, ba ko kuɗin kati, domin sharaɗi ya hana albashi. Na fahimci dalilin sharaɗin, an sha ganin tallafi ya ƙare a alawus. Amma sakamakonsa a nan shi ne duk wasiƙu, hotuna da lambobin sirri suna cikin wayar yarinya ɗaya, kuma da aure ya kai ta Tamale sai da aka yi wata biyu ana neman yadda za a buɗe imel ɗin ƙungiya.

A 2024 wuta ta yi ƙasa da dare, injin ya ƙone. Kwamiti ya ciro kuɗi daga asusu, aka sayo wani a Adum tare da na'urar kare shi daga rawar wuta, ruwa ya dawo cikin mako. Ba a yi karo-karo ba, ba a je gidan ɗan siyasa ba. Dattijon da ya kawo hadisi a taron farko yana cikin masu riƙe igiya ranar da ake zura sabon injin.

Da ƙarfin wannan suka sake nema a 2025, wannan karon banɗaki na makarantar allo da na mata. Amma kasuwar tallafi ta sauya. Ranar 20 ga Janairun shekarar shugaban Amurka ya sa hannu a umarnin dakatar da taimakon ƙasashen waje na kwana 90, gwamnatin Ghana ta ce hakan ya bar mata gibin dala miliyan 156, kuma zuwa Yuli an rufe USAID, hukumar Amurka mai raba wannan taimako. Ingila ma ta sanar a Fabrairu cewa za ta rage nata zuwa kashi 0.3 cikin ɗari na kuɗin shigar ƙasa nan da 2027. Abin da na lura da shi shi ne manyan ƙungiyoyi masu ofis da akanta, waɗanda a da ba sa waiwayar dala dubu goma, yanzu sun shigo layin ƙananan tagogi. Takardar matan ba ta fito ba.

Yanzu akwai ɗan abin da ya taru a asusu, kuma kansu ya rabu a kan inda za a sa shi. Magajiya tana son a sayo solar da aka yanke a 2022, ko da biya kaɗan-kaɗan ne, a huta da kati, a rage farashin galan. Hajiya ta ce a fara biyan mai binciken kuɗi da sabunta lasisi, domin in rajista ta mutu, ranar da wata taga ta buɗe sai an koma farko, kuma ita ta san abin da farkon ya ci. Kuɗin ba zai ɗauki duka biyun a shekara ɗaya ba. An tura wa mai sola ya kawo farashi a rubuce, an kuma ɗage ƙuri'a zuwa taron bayan Babbar Sallah, lokacin da matan da suka tafi aikin Hajji za su dawo.